Sayen Injin Banso Na Hannu: Yadda Za Ka Gane Ko Kuɗinsa Ya Yi Daidai

Kafintan da ya fara samun aikin kujeru masu lanƙwasa, ko kan gado mai zane, ko tsaga katako mai kauri zuwa falle-falle, ba ya daɗewa zai ga zarton hannu ya gaza masa. Daga nan maganar banso ke tasowa, injin nan mai wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da siririn zarto mai haƙora yake zagaya su. Sabonsa na da tsada, shi ya sa kafintoci da yawa a Birnin Kebbi, Jega, Argungu da Yawuri suke neman na hannu: ko wanda aka shigo da shi daga Turai ta Legas ko Kwatano, ko na wani shago da ya rufe, ko na gwanjon ma'aikata, ko kuma haɗin gida na masu walda.

Irin wannan kaya ba shi da tsayayyen farashi. Kuɗin da mai shi ya faɗa buɗe baki ne kawai. Abin da za ka auna shi ne nawa injin zai ci maka kafin ya tsaya a shagonka yana yanka miƙe, sannan ka kwatanta wannan da kuɗin sabo irinsa.

Fara da aikin da za ka ba shi

Girman banso daga faɗin wilinsa ake faɗinsa. Na Amurka da kwaikwayonsu na Taiwan da Sin da inci ake kiransu, 10, 14, 18, 20. Na Turai kuma da milimita, 400, 500, 600, 700, 800. Tazarar da ke tsakanin zarto da ginshiƙin injin takan gaza faɗin wilin da kaɗan, wato mai inci 14 zai ba ka kimanin inci 13 da rabi.

Awo na biyu shi ne kaurin katakon da zai iya shiga ƙarƙashin mariƙin zarto na sama. Mai inci 14 na gargajiya, samfurin da kamfanin Delta ya yi fice da shi, inci 6 yake ɗauka, kuma tsawon zartonsa inci 93 da rabi ne. In an sa masa ƙarfen ƙarin tsawo a ginshiƙi yakan ɗauki inci 12, zarton ya koma inci 105. Wannan ya ishi mai yin kujeru, ƙofofi da kabad. Wanda kuwa zai wuni yana tsaga madaci, kawo ko ƙirya mai kauri, ya nemi daga 500 zuwa sama, da moto mai ƙarfin doki 3 ko fiye. Ƙananan nan na ɗorawa a kan tebur, masu inci 9 ko 10, ba na sana'a ba ne, ko da an ba ka su da araha.

A kula da abu guda tun a waya: akwai banson yankan nama da na yankan ƙarfe, kuma akan tallata su a matsayin na katako. Na nama jikinsa farin ƙarfe ne, teburinsa na zamewa, wilinsa ba roba. Na ƙarfe yana da giya mai rage gudu. Zarton katako yana bukatar gudun kusan mita 900 a minti, na ƙarfe kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na hakan ba lallai ya kai ba.

Nemo kuɗin sabo kafin ka taka ƙafa

Sa mai kayan ya turo maka hoton ɗan allon ƙarfen da ke jikin injin, da na jikin moto, yadda rubutun zai karantu. Da sunan kamfani da lambar samfuri a hannunka, kira masu sayar da injuna aƙalla uku, a Kano, Legas ko Anaca, ka tambayi sabo mai wannan girma da wannan ƙarfin moto. Ka ƙara kuɗin mota har zuwa garinku. Daga Legas ta Kwantagora, Yawuri da Koko kuɗin ɗauko inji mai nauyi ba ƙarami ba ne, kuma wannan riba ce ga injin da ya riga ya iso Kebbi. Farashin ya zama na makon da kake ciki, domin kayan waje da dala suke tafiya.

Wurin kwatanci mutane ke yin kuskure. Tsohon Wadkin ko Startrite na Ingila, ko Centauro da Agazzani na Italiya, ba a gwada shi da sabon ɗan Sin mai siririn jiki don kawai faɗin wilinsu ɗaya. Tambayi nauyi. Mai inci 14 na ƙarfen zubi yakan kai kilo 80 zuwa 110, mai milimita 600 na Italiya kuwa kilo 250 zuwa sama da 300. Nauyin nan shi ke hana rawa, shi ke riƙe zarto a ɗame. In babu sabon irinsa a kasuwa, kwatanta shi da sabon da ya fi kusa da shi a nauyi da ƙarfi.

Kada ka tura kuɗi kan hoto da bidiyo. Cinikin biri a sama ke nan, kuma bidiyon inji yana juyawa ba katako a bakinsa bai nuna komai ba.

Abin da za ka riƙa

Tocila, alli, sikwaya, tef, doguwar rula ta ƙarfe ko miƙaƙƙen alminiyom mai tsawon mita ɗaya, 'yan sifanu, tsumma da ɗan kananzir, farar takarda ɗaya, da guntun katako mai tauri, kaurin santimita 12 zuwa 15, irin wanda kake aiki da shi kullum. In kana da mai gyaran wuta da ka yarda da shi, tafi da shi da mitarsa ta awon amfiya.

Mafi muhimmanci shi ne sabon zarto naka na kanka, faɗin rabin inci, mai haƙora 3 ko 4 a kowane inci. Dalili kuwa, dakusasshen zarto yana sa lafiyayyen inji ya yi kamar mara lafiya, kuma yana ba mai kaya mafaka, duk abin da ka nuna ya ce laifin zarto ne. In ba a san tsawonsa ba, a auna tazarar tsakiyar wili na sama zuwa tsakiyar na ƙasa, a ninka biyu, a ƙara faɗin wili sau 3.14.

Duba shi a kashe

Cire filogi da hannunka, kada ka dogara da cewa an kashe suwic. Buɗe ƙofofin biyu.

Fara da abubuwan da in sun lalace ciniki ya mutu. Na farko gangar jiki. Goge ginshiƙin da tsumma mai kananzir, ka haska tocila a gicciye, musamman inda hannun sama ya lanƙwasa da inda aka ɗaure rabin sama da na ƙasa da babban noti. Tsagar ƙarfen zubi siririya ce kamar gashi, kananzir kan shiga cikinta ya bar baƙin layi bayan ka goge. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai, ko tudu a ƙarƙashin fenti, alamar walda ce. Ƙarfen zubi ba ya karɓar walda yadda ƙarfe na yau da kullum ke karɓa, sau da yawa sai ya sake tsagewa a gefen ɗinkin, kuma zafin wuta kan karkatar da jikin yadda wilin biyu ba za su ƙara daidaita ba. Injin da aka yi wa wankan fenti gaba ɗaya, har kan notuna da allon suna, ƙara masa lokacin bincike.

Na biyu wilin kansu. Sassauta zarton ka cire shi. Bi kowace ƙafar wili da ido ka nemi tsaga. Juya na sama da hannu ka saurara: lafiyayyen boris shiru yake, in kuwa ka ji gurzo kamar da yashi a ciki, ya tafi. Wannan ba abin tsoro ba ne. Yawancin boris ɗin banso masu lamba ne na kowa da kowa, irin su 6202, 6203, 6204 da 6205, ana samunsu wurin masu kayan babur da na injin ban ruwa. Abin tsoron shi ne ramin da boris ke zama a ciki ya buɗe, ko shaf, wato sandar ƙarfen da ke ɗauke da wili, ya cinye. Kama wilin ƙasa da hannu biyu, dama da hagu, ka jijjiga. Bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Na sama yakan ɗan yi lilo ta sama da ƙasa in ba zarto a kai, saboda a kan mazaunin saiti yake rataye, don haka shi ma ta dama da hagu za ka gwada shi.

Sai awon karkata. Dafa alli a jikin injin yadda bakinsa zai kusa taɓa gefen wilin, ka juya a hankali. In allin ya taɓa wani wuri ya bar wani, auna gibin da takarda. Kaurin farar takarda kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. Gibin takarda biyu ko uku ba komai. In ya doshi milimita ɗaya, ko wili ya lanƙwashe ko shaf, kuma zarton zai riƙa kai da komo gaba da baya muddin injin na aiki. Bayan haka, wulwula wilin sama ka bar shi ya tsaya da kansa, ka sa alama a wurin da ya tsaya a ƙasa. Maimaita sau huɗu ko biyar. In wuri ɗaya ne kullum yake komawa ƙasa, ɓangaren ya fi nauyi. Ana gyara wannan da ɗan ƙarfe a ɗaya gefen, amma abin ragi ne.

Na uku mazaunin tebur, wato ƙarafan nan biyu masu siffar rabin wata da ke ƙarƙashinsa, waɗanda ke ba shi damar karkata. A ƙananan injuna da ƙarfe mai gautsi ake yin su, kuma su ne ke fara karyewa, don 'yan dako kan ɗaga inji ta tebur. Durƙusa ka leƙa da tocila. In ka ga an ɗaure da waya, ko an cusa katako, ko an like teburin da walda ya daina karkata, to sun karye. Na samfurin inci 14 akan samu a yi oda. Na tsohon injin Turai da kamfaninsa ya daina yi, sai dai a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su ƙera, kuma ba kowane gari ake samun wanda zai yi shi daidai ba.

Na huɗu, kuma shi aka fi mantawa, mazaunin wilin sama inda sukurun ɗame zarto da na saiti suke. Murɗa sukurun ɗamewa daga ƙasa har sama. Ya tafi sumul, ba tsalle, ba inda zai juya a banza. In zaren sukurun ya cinye za ka ji yana zamewa da zarar nauyi ya hau. Dubi sufirin, wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfen da ke kan sukurun ɗamewa: in ya manne gaba ɗaya tun zarto bai ɗamu ba, ya mutu. Injin da aka bari shekaru da zarto a ɗame ba a sassautawa haka yake ƙarewa. Sufirin mai sauƙin canji ne, amma ƙarfen da ke riƙe da shaf ɗin sama in ya lanƙwashe ko ya tsage, saiti ba zai taɓa zama ba.

Sauran duk kayan ci ne, ana canja su. Robar wili a zafin Maris da Afrilu na wannan yanki takan bushe ta farfashe. Danna ta da farce: mai rai takan koma, matacciya ta yi tauri ko ta ɓarɓashe. Duba ko haƙora sun haƙa mata kwari, ko ta saki daga jikin wili. A ƙananan injuna robar na da ɗan tudu a tsakiya, shi ke riƙe zarto a wurinsa. Manyan na Italiya shimfiɗaɗɗiya ce, da gangan ake barin haƙoran babban zarto su ɗan leƙo gaban wili, kada ka ɗauka laifi ne. Za ka tarar da waɗanda aka naɗa wa tsohon tiyub na mota da gam. Yana aiki na ɗan lokaci, amma wurin haɗin yakan yi tudu, zarto ya riƙa tsalle. Lissafa shi a matsayin ba roba.

Mariƙan zarto biyu ne, ɗaya saman tebur ɗaya ƙasa, kowanne da na gefe biyu da boris ɗin baya. Na ƙasan nan ne garin katako ke binnewa, in damina ta shigo ya jiƙe ya yi tsatsa, notunan su kafe. Gwada kowane noti. Sau da yawa za ka tarar babu mariƙin ƙasa gaba ɗaya, an cire an yar. Daga nan sassauta sandar da ke ɗauke da mariƙin sama, bayan ka mayar da zarto, ka ɗaga ta daga ƙasa har ƙarshe kana kallon tazararta da zarton. In tazarar tana canjawa da fiye da milimita ɗaya ko biyu, duk sanda ka canja kaurin katako sai ka sake saiti, kuma yana iya nufin hannun sama ya karkace.

Tebur: ɗora rula a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, ka gwada zura takarda. Tsatsar sama-sama sanfefa da mai za su cire ta. Kula da tsagar da ake shigar da zarto, ɓangarorinta biyu su zama daidai, akwai ɗan ƙarfe da ake cusawa a bakinta don haka. In fens ya ɓata, wato madogarar da katako ke bi, rubuta shi cikin abin ragi.

Moto da maganar wuta

Nan ne araha kan koma tsada. Wutar gidajenmu 230V ce, 50Hz. Karanta allon moto da kyau.

In an rubuta 110V ko 115V da 60Hz, na Amurka ne. Wasu ana iya sauya haɗin wayarsu zuwa 230V, za ka ga an rubuta 115/230. Wanda ba haka ba sai da taransifoma mai ƙarfi ninki biyu ko uku na moton. Ko an warware wannan, moton 60Hz a wutar 50Hz yakan rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, mai zagaye 1,725 a minti ya dawo kusan 1,440, ya kuma fi ɗaukar zafi. Mafi sauƙi ka ɗauka cewa moto za ka canja, ka cire kuɗinsa.

In an rubuta 380V ko 400V, fes uku ne, wato wuta mai layi uku irin ta masana'antu, kuma haka yawancin manyan na Turai suke. Shagonka na da fes uku? In babu, tambayi ofishin Kaduna Electric na yankinku abin da jawowa zai ci kafin ka saya, ba bayan ka saya ba. Wata hanyar ita ce na'urar inbata da ke karɓar fes ɗaya ta fitar da uku, amma tana aiki ne da moton da allonsa ya nuna 220/380 ko 230/400. Mai 400/690 ba zai ba da ƙarfinsa a kanta ba. Hanya ta uku a sauya moto zuwa fes ɗaya, in mazauninsa da kaurin shaf sun dace da fuli, wato ɗan wilin da bel ke hawa. Wasu injunan wilin ƙasa a kan shaf ɗin moto yake kai tsaye, ba bel, waɗannan sauya musu moto aiki ne babba.

Sai janareto, tunda ba wanda zai dogara da wutar layi kaɗai. Moto na jan wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi. Doki ɗaya wat 746 ne, kuma a aikace ana son janareto mai ƙarfi kusan ninki uku na moton: doki ɗaya da rabi ya samu 3.5kVA, doki 3 ya samu 7kVA ko sama. In injin zai tilasta maka sayen sabon janareto, wannan ma kuɗin injin ne.

Sunsuna moton ta ramukan iska. Ƙaurin ƙonannen fenti ba ya ɓoyuwa. Haska ciki: zaren ɗauri na hannu da sabon banish na nuna an sake naɗin kwayil. Naɗi mai kyau da wayar tagulla ba laifi ba ne, sai dai ba ka san wanda ya yi ba, don haka ba za a biya shi kuɗin na asali ba.

Kunna shi, ka yanka

Sa zartonka, haƙora suna kallon ƙasa. Ɗame shi har in ka ɗaga mariƙin sama ka tura zarton da yatsa a gefe, ya motsa kamar milimita 5 ko 6 kawai. Juya wili da hannu zagaye goma kana daidaita sukurun saiti, har zarton ya zauna wuri ɗaya. In ya ƙi zama duk yadda ka yi, ɗora doguwar rula a fuskar wilin biyu ka ga ko suna layi ɗaya. Ƙaramin gibi wasa, wato ɗan zoben ƙarfe da ake sawa a bayan wili, ke gyara shi. Wilin da ya murɗe gefe kuwa matsalar jiki ce. Saita mariƙan gefe da tazarar takarda ɗaya, bayan ramin haƙora, boris ɗin baya kuma da tazarar rabin milimita.

Rufe ƙofofi, kowa ya kauce daga gefen dama na tebur, don in zarto ya tsinke ta nan yake fitowa. Kunna. Moton fes ɗaya ya tashi cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ya tsaya yana gurnani sai an tura masa wili, kafasita ce ko ɗan suwic ɗin da ke cikinsa. Kafasita ba ta da tsada. Tsayar da ƙusa mai inci 3 a kan kanta a bisa tebur. A inji mai lafiya za ta tsaya ko ta ɗan zame a hankali, in ta faɗi nan take akwai rawa. Cire bel ka kunna moto shi kaɗai don ka san daga ina take: tsohon bel da ya sandare, fuli mai karkata, ko wili. Ƙarar "tak, tak" a kowane zagayen zarto daga wurin haɗinsa take fitowa, ko tsaga, kashe ka duba.

Bar shi ya yi minti goma. Ɗumi ba komai ba ne, amma moton da bai yanka komai ba ya yi zafin da ba za ka iya dafa shi ba, da magana. Mai wuta ya auna amfiya: ba kaya ya zama ƙasa sosai da abin da ke allo, da kaya kada ya wuce shi.

Yanzu ja layi a katakonka, ka tsaga falle mai kaurin milimita 5 ko 6 a tsaye, kana turawa a hankali da wani guntun katako, ba da yatsu ba. Auna fallen sama da ƙasa, farko da ƙarshe. In kauri ɗaya ne, injin ya ci jarrabawa. In ya yi ciki a tsakiya, zarton bai ɗamu ba, ƙara ɗamewa ka sake. In ka kai ƙarshen sukuru bai daina ba, ko sufirin ya mutu ko jikin yana lanƙwasawa. In moto na shaƙewa a katakon santimita 12 da sabon zarto, ko bel na zamewa, ko ƙarfin da aka rubuta ba shi ne a ciki ba.

In mai kaya ya ce, "Wallahi Malam, babu wuta, amma jiya ma mun yi aiki da shi," amsar ita ce, "To Alhaji, bari in kawo janareto, kuɗin mai a kaina." Wanda ya ƙi wannan, saya a farashin wanda ba ya aiki ko ka haƙura.

Lissafin kuɗi

Sa iyaka biyu. Ta ƙasa ita ce abin da za ka samu in injin ya ƙi gyaruwa: kuɗin moton in yana da rai, da kuɗin ƙarfen a kilo wurin 'yan gwangwan. Inji mai tsagaggen jiki ko karyayyen wili wannan ne kuɗinsa, komai sunan da ke jikinsa.

Ta sama kuma daga kuɗin sabo take fitowa. A ganinmu, wanda bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, da rasit, komai nasa cikakke, zai iya kai kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na sabo. Wanda ya sha aiki amma ya wuce duk gwajin nan, kashi 45 zuwa 60. Tsohon na Turai mai nauyi, lafiyayye, ya cancanci saman wannan iyaka, har ya ɗan haura, don zai binne sababbi biyu. Haɗin gida na masu walda ba a auna shi da na kamfani. Lissafa kuɗin moto, boris, ƙarfe da aikin hannu, kuma in ba shi da murfin wili da na zarto, kada ka sa yaran shago a gabansa.

Ga misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce sabo irinsa, har ya iso Birnin Kebbi, naira miliyan 1 ne. Injin ya sha aiki amma jikinsa lafiya, ka ba shi kashi 55, wato dubu 550. Robar wili biyu, boris huɗu, bel, kafasita da fens da babu, da ladan mai gyara, a ce dubu 90. Ɗauko shi daga Jega da 'yan dako, dubu 30. Ware kashi 10 na kuɗin don abin da ido bai gani ba, dubu 55. Abin da ya rage dubu 375, shi ne kuɗin da ya dace. In moto na 110V ne, sake cire kuɗin moto. Kuɗin gyaran nan kada ka ƙiyasta da ka, kira mai kayan gyara a gaban mai injin ya faɗa da bakinsa.

In abin da za ka biya da gyara da ɗauka sun haura kashi 75 na sabo, sabon ya fi, sai fa in tsohon ya fi shi inganci nesa ba kusa ba. Ƙarin kaya kamar zartuna masu kyau, fens na asali ko ƙarfen ƙarin tsawo suna da daraja, amma tarin tsofaffin zartuna masu tsatsa da ake rataye wa a ƙusa ba a biyan ko sisi a kansu.

Ciniki da ɗauka

Taya ƙasa da lissafinka kaɗan, ka kawo dalili ɗaya bayan ɗaya, kana nunawa da yatsa. Kushe kayan mutum gaba ɗaya ba ya rage kuɗi, sai dai ya jawo "albarka". In da dillali a tsakani, a yanke wanda zai biya la'ada tun kafin a sallama. Tambayi dalilin sayarwa da inda aka samo injin. A rubuta takarda da sunan inji, lambarsa, kuɗin da aka biya da shaidu biyu, in so samu ne da wani daga shugabannin ƙungiyar kafintoci na garin. Allon suna da aka kankare, ko na gwanjo da ba takardar gwanjo, bar shi inda ka gan shi. In za ka ba da kafin alƙalami, cire bel ko fens ka tafi da shi, ka kuma ɗauki hoton moton da lambarsa, don akan sauya moto tsakanin ranar ciniki da ranar ɗauka.

Wurin lodi, sassauta zarto ka cire, kwance tebur da mazauninsa ka naɗe su daban a buhu, notunan a leda ɗaya. Kada kowa ya kama tebur ko sandar mariƙi. A kwantar da injin a kan bayansa, ta ɓangaren ginshiƙi, bisa tsofaffin tayoyi biyu a cikin a-kori-kura, a ɗaure da igiya ta jikin ginshiƙin, ba ta wili ba. Mai milimita 600 zuwa sama yana bukatar mutum biyar ko shida da katakan gangarawa, kuma nauyinsa a sama yake, saurin kifewa gare shi. In ya isa shago, dasa shi a daɓen siminti mai lebur, ka haɗa masa wayar ƙasa, ka canja roba da boris, sannan ka sake yin gwajin fallen nan da katakon da ka yi na farko.